Eco, Normal ko Sport: wane maɓalli ya dace da titunan N'Djamena?

A watan Fabrairun 2024 gwamnatin Chadi ta ɗaga farashin litar fetur daga sefa 518 zuwa 730, dizal kuma daga 700 zuwa 828, duk da matatar Djermaya da ke aiki a arewacin birni tun 2011. Mai zuba lita 50 sai ya wayi gari da ƙarin sefa 10,600 a kowane cikon tanki. Tun daga lokacin wani ɗan maɓalli da ke kusa da giya, wanda a da ba kowa ke kula shi ba, ya samu daraja a N'Djamena. Sunansa Eco. Ka shiga motar mutum ka ga koriyar fitila a gaban sitiyari, ka tambaye shi dalili, sai ya ce maka, "ai mai ya yi tsada."

Ni ma ina tuƙi kullum a garin nan, daga Chagoua zuwa tsakiyar birni, kuma na daɗe ina gwada waɗannan maɓallai. Abin da na fahimta shi ne, babu ɗaya da ya dace da shekara gaba ɗaya. Motarka ta watan Janairu daban, ta Afrilu daban, ta Agusta kuwa sai ka ce wata mota ce.

Farko dai, maɓallin ba ya sauya injin. Kwamfutar motar yake gaya wa yadda za ta fassara ƙafarka. A Eco, in ka taka totur sai motar ta amsa da sanyin jiki, ta yi saurin hawa babbar giya don injin ya daina kuka. A Sport, ko PWR kamar yadda aka rubuta a Hilux da wasu tsofaffin Toyota, taɓawa kaɗan ta zabura, kuma ta riƙe ƙaramar giya ta daɗe. Normal yana tsakiya. Don haka mai nauyin ƙafa, wanda ke fizgar mota daga danja ya je ya danne birki a shataletale na gaba, ko ya kwana a Eco man zai sha.

Abin da masu sayar da mota ba su cika faɗa ba shi ne, a motoci da yawa, musamman na Toyota, Eco yana rage ƙarfin na'urar sanyaya mota, wato klim. Daga nan wani ɓangare na tsimin yake fitowa. A Disamba da Janairu, lokacin hunturu, wannan ba komai ba ne, ni kaina a Eco nake wuni. Amma daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka tsaya a cunkoson kasuwar Dembé da azahar da yara a baya, za ka ji a jikinka. Sai mutum ya murɗa klim har ƙarshe, ribar ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ga zufa, ga man ya tafi. Wasu motocin, kamar sababbin Corolla da RAV4, suna da wani maɓallin Eco daban a jikin klim ɗin. In taka tana da shi, kashe wannan ka bar na injin. In babu, koma Normal har ruwa ya sauka.

Akwai kuma batun 'yan klando. Duk wanda ya taɓa shiga shataletalen Chagoua da safe ya san ba a jiran a ba ka hanya, ɗan gurbi kake gani tsakanin babura ka shige. A irin wannan wuri jinkirin Eco na ɗan daƙiƙa yana da haɗari, domin ka taka, motar ta yi tunani, kafin ta motsa babur ya riga ya cike gurbin. Shi ya sa a wurina Normal ne na yau da kullum a cikin gari. Injiniyoyin da suka ƙera motar ma a kansa suka daidaita komai.

Sport fa? A titin Charles de Gaulle ban ga amfaninsa ba, sai dai samari masu son a ji ƙararsu. Ranarsa tana kan hanyar Massaguet ko ta Bongor, inda za ka sami tirela a gabanka kana son wuce ta kafin wata ta ɓullo. Danna shi, ka wuce, ka mayar. Haka nan in mota ta yi lodi sosai.

Inda kuɗi na gaske ke salwanta kuwa ba a nan ba ne, a maɓallin H2, H4 da L4 ne. Ƙasar nan ta Hilux da Land Cruiser ce, har yaƙin da aka yi da Libiya a 1987 duniya ta sa masa suna yaƙin Toyota, amma ba duk mai Hilux ya san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Wani makanike a Diguel ya nuna mini giyabos ɗin raba ƙarfi da ya kwance daga wata mota, haƙoransa sun cinye. Ya ce, "Malam, kullum sai na gaya musu. Mutum ya sa H4 a laka, ya hau kwalta ya manta, wata biyu yana yawo a haka. Da ya ji sitiyari ya yi tauri a kwana sai ya ce aljanu ne."

Dalilin mai sauƙi ne. A Hilux, H4 yana ɗaure tayoyin gaba da na baya su juya tare. To a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa. A kan yashi ko taɓo sai taya ta ɗan zame, bambancin ya fita. A busasshiyar kwalta ba inda zai fita, sai ya taru a ƙarafan motar, tayoyi su cinye, mai ya ƙaru. Prado da manyan Land Cruiser na zamani ba su da wannan matsala, domin an yi su ne tayoyi huɗu na aiki kullum, sai dai in direba ya kulle tsakiya da kansa. L4 kuma na kafewa ne da jan kaya a hankali, kuma sai an tsaya cak an sa giya a N kafin a shiga.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, lungunan Walia da Habena da Atrone sukan zama caɓi, ƙasar kuma yumɓu ce mai santsi kamar sabulu. A nan wani maɓalli da muke yi wa dariya yake amfani. Motocin da ke zuwa mana daga Turai da Amurka ta Kwatano ko Duwala da yawa suna da Snow, na ƙanƙara, a Land Cruiser kuma a rubuta 2nd. Mu ba mu taɓa ganin ƙanƙarar ba, amma aikinsa shi ne tayar da mota a hankali, sau da yawa daga giya ta biyu, don kada taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya. Abin da laka ke buƙata ke nan. In kuma mota ta riga ta kafe a taɓo ko yashi, kashe na'urar hana santsi na ɗan lokaci, domin ita da ta ji taya na zamewa sai ta yanke ƙarfin injin, daidai lokacin da kake neman sa.

Ruwa mai zurfi kuwa babu maɓallinsa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Walia sun san haka. Da zarar ruwa ya kai bakin da inji ke shaƙar iska, magana ta ƙare, ko Eco ko L4.

Mai son sanin ko Eco na yi masa tsimi da gaske, kada ya dogara da lambar da ke allon mota kawai. Ya cika tanki, ya mayar da ma'aunin kilomita sifili, ya yi mako guda a Eco, ya sake cikawa a famfo ɗaya ya rubuta litar da ta shiga. Mako na gaba ya yi haka a Normal, a hanya ɗaya. Da na yi nawa, bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Na fi ganin sauyi ranar da na sa aka daidaita iskar tayoyi, aka kuma sauya matatar iskar inji da ƙurar hunturu ta toshe.