Tsaka da Kyanwa a Gida Ɗaya

Da yawa cikin masu karatu za su yi mamaki in sun ji cewa a ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke kiwon tsaka cikin ɗakunansu, kamar yadda mu nan muke kiwon tantabara ko aku. Da kuɗinsu suke sayenta, su ajiye ta cikin akwatin gilashi, su riƙa ba ta gyare da tsutsa, in ta yi rashin lafiya su kai ta wurin likitan dabbobi. To, sau da yawa a gidan nan da ake kiwon tsaka akwai kyanwa. Yadda za a yi su zauna gida ɗaya ba tare da ɗaya ta halaka ɗaya ba, shi muke so mu duba yau, gama akwai darasi a ciki ga duk malamin da ke ajiye 'yan halittu cikin aji don koya wa yara sanin halitta.

Tsakar da suke kiwo ba irin wadda muke gani bisa bango da dare tana farautar ƙwari kusa da fitila ba ce. Wadda aka fi kiwo ita ce mai zanen damisa, asalinta kuwa daga busassun wurare na Pakistan da Afganistan da arewa maso yammacin Indiya. Akwai kuma wata mai kaurin wutsiya, ita kuwa tamu ce ta Afirka ta Yamma, ana samunta tun daga Senegal har Kamaru, kuma an daɗe ana fitar da ita daga Ghana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Turawa. Dukansu biyu tsawonsu bai cika wuce inci 10 ba. Suna da fatar ido, ba kamar ta bango ba, kuma ba su iya hawa gilashi. Mai zanen damisa, in ta sami kulawa, takan yi shekara 15 har 20 a duniya. Watau wanda ya saye ta ya ɗauki nauyi mai tsawo.

Mun san yadda ake kallon tsaka a ƙasarmu. Abin da ya zo cikin hadisi game da ita magana ce ta malaman addini, su ke da ikon bayaninta. Amma cewa da ake yi tana da dafi, ko tana sa kuturta in ta faɗa cikin abinci, wannan ba shi da tushe. Babu tsaka mai dafi. Kuturta kuwa wata ƙwayar cuta ke kawo ta, wadda likita Hansen, mutumin Norway, ya gano a 1873, tsaka ba ta da hannu a ciki.

Halin Kyanwa

Kyanwa ta daɗe tare da ɗan Adam. A 2004 masana suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Ƙubrus, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna tun wajen shekara 9,500 da suka wuce. Duk tsawon zaman nan ba ta bar farauta ba, don farautar ce ma ta sa aka karɓe ta, ta tsare rumbu daga ɓeraye. Ba sai tana jin yunwa take kamu ba. Da ta ga ƙaramin abu ya motsa, sai jikinta ya tashi, ko da yanzu ta ɗaga kai daga kwano. A ƙasar Ostireliya, binciken da aka buga a 2018 ya ƙiyasta kyanwoyi na kashe masu jan ciki, watau ƙadangaru da tsaka da macizai da danginsu, wajen miliyan 650 kowace shekara.

Saboda haka wanda ya ce kyanwarsa mai ladabi ce, ta saba da tsakar, ba za ta taɓa ta ba, ya ba kura ajiyar nama ke nan. Hali zanen dutse ne. Ga kuma wani abu: tsakar nan da magariba da dare take fitowa yawo, kyanwa ma lokacin nan ta fi kuzari, mai gida kuwa yana barci. Ashe tsaron ba zai dogara ga idon mutum ba, sai ga shirin da ya yi tun da rana.

Shirin da Ya Kamata

Na farko, kuma mafi girma, shi ne ƙofa. A sa akwatin cikin ɗakin da kyanwa ba ta shiga, a riƙa rufe ƙofa, a duba taga. Sauran dabaru duka taimako ne ga wannan.

Na biyu murfi. Akan rufe akwatin da ragar waya don iska ta shiga. Tun da yake tsakar nan na bukatar ɗumi, akan ɗumama gefe ɗaya na akwatin har wajen digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salsiyas. Kyanwa kuwa ba abin da take so kamar wuri mai ɗumi, sai ta hau ta kwanta bisa ragar. Raga maras ƙarfi takan lotsa ta yage, kyanwa ta rufta ciki. Lalle murfin ya zama na waya mai kauri, da sakata ko kwaɗo. Ɗora littafi ko dutse a kai ba ya isa, ta iya turewa.

Na uku mazauni. A ɗora akwatin bisa tebur mai nauyi wanda ba ya girgiza, a jingina shi da bango, kada a bar fili a gefensa inda kyanwa za ta zauna. Wayar abin ɗumamawa ma a ɓoye ta, kada ta ja ta jawo kome ƙasa.

Na huɗu maɓoya. Ko kyanwa ba ta taɓa tsaka ba, zura mata ido da take yi ta bayan gilashi cuta ne. Tsakar takan firgita ta daina cin abinci, wani lokaci har ta yar da wutsiyarta. Yar da wutsiya dabara ce da Allah ya ba ta: guntun ya riƙa mutsu-mutsu, maƙiyi ya shagala da shi, ita ta tsere. Amma cikin wutsiyar nan take tara kitsenta, shi ne guzurinta na ranar yunwa. Wata za ta tsiro, sai dai gajeriya mai dunƙule, kuma kafin nan ta rame. Don haka a manna takarda a gefe uku na akwatin, a kifa mata sakaina ko tsingaro biyu ko uku inda za ta shige.

Na biyar, in za a fito da ita ko za a share akwatin, a fara fitar da kyanwa a rufe ƙofa. Ba a buɗewa sai an tabbata ta koma, an sa sakata. Yara su fi bukatar a nanata musu wannan.

In Ɓarna Ta Auku

In kyanwa ta cije ta ko ta yakushe ta, kada a duba ƙanƙantar raunin. Haƙoran kyanwa kamar allura suke, suna tura ƙwayoyin cuta can cikin tsoka, musamman wadda likitoci ke kira Pasteurella, fata kuwa ta rufe a kai. Dabbar da aka gani garau da safe tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. A kai ta ga likitan dabbobi a ranar.

Ita kyanwar ma tana da nata haɗari. A ƙasashe masu zafi akwai wata tsutsa da ke shiga hantar kyanwa ta hanyar cin tsaka da ƙadangarun daji, ta sa ta rama, idonta ya yi rawaya. Masu jan ciki kuma sukan ɗauki ƙwayar Salmonella mai sa zawo, saboda haka duk wanda ya taɓa su ko akwatinsu ya wanke hannu da sabulu. Kada kuma a doki kyanwa don ta yi kamu. Duka ba ya koya mata kome sai tsoron mai gida, farautar kuwa tana nan.

To, malamai, abin da ke cikin zancen nan ya wuce tsakar Turawa. A makarantu mukan ajiye hawainiya ko kunkuru ko 'yan tsaki don yara su lura da su. A daji kowace dabba tana da ramin gudu. Ran da muka sa ta cikin akwati mun raba ta da wannan, tsaronta ya dawo wuyanmu. Duk mun san labarin matar nan da ya zo cikin hadisi, wadda ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, aka yi mata azaba saboda haka. Kafin a tashi makaranta ran Jumma'a, malami ya tambayi kansa: wa zai duba akwatin nan gobe da jibi, kuma kyanwar unguwa tana da hanyar shiga ajin? In ba amsa, gara a mai da dabbar inda aka kamo ta. Yaron da ya ga malaminsa na yin haka ya koyi riƙon amana tun kafin a rubuta masa kalmar a allo.