Ruwa daga Nijar, wuta daga Najeriya

A wata majalisa ta bayan sallar isha'i a Tambuwal, muna zaune cikin duhu, wani dattijo mai injin niƙa ya jefo mini tambaya: “Malam, ta yaya za mu sayar wa Yamai wuta alhali mu da fitilar waya muke cin tuwo?” Na sha jin irin wannan ƙorafi a bakin manoman rani na Kebbe, waɗanda kuɗin man injin ban ruwa ke cinye ribar albasarsu.

Amsar tana cikin kogi. Kwara ta taso daga Gini, ta ratsa Mali da Nijar kafin ta shigo mana ta jihar Kebbi. Injinan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, da na Jebba, da ruwan da maƙwabta suka bari ya wuce suke juyawa. Tun 1976 layin lantarki ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma jami'anmu sun daɗe suna bayyana hikimar abin: mu ba su wuta, su kuma kada su tare ruwa. Ciniki ne, kuma biya suke yi, ko da yake bashi kan taru.

Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A farkon Agusta Najeriya ta katse layin bisa takunkumin ECOWAS, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga wurinmu take zuwa. Na zuba ido in ga ko wutar da aka hana Yamai za ta haskaka unguwarmu. Watanni bakwai suka wuce, har aka ba da umarnin mayar da ita a Maris na 2024, ban ga bambanci ba. Ciwonmu yana cikin tsofaffin wayoyi da taransifomar da ta ƙone aka bar jama'a da karo-karo.

Abin da muka yi asara shi ne amana. Wanda aka taɓa kashe wa fitila saboda siyasa zai nemi tasa, kuma Nijar tana nema: ga tashar hasken rana ta Gorou Banda, ga madatsar Kandaji a yankin Tilaberi, wadda aka tsara ta ba da megawat 130. Ban ga laifinsu ba. Amma ranar da Kandaji ta cika, yawan ruwan da zai iso Kainji da rani zai dogara da abin da aka daidaita a Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe 9, kuma hedikwatarta a Yamai take. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka wannan teburi yana cikin 'yan kaɗan da suka rage mana tare.

Na yi wa dattijon wannan bayani duka. Ya girgiza kai, ya ce ya ji, amma gobe da safe dizal zai saya.