Kiwon Ɓerayen Gwaji: Nazarin Kalmomin Muhalli, Barbara da Yaye a Hausa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ɓera, amma a matsayin maɓarnaci ya san shi, shi ya sa yake cewa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bai taɓa jera shi cikin dabbobin kiwo ba. A yau kuwa sassan likitanci da na harhaɗa magunguna a jami'o'inmu suna kiwon ɓeraye domin gwaje-gwaje, kuma a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ajiye su don sha'awa. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda ake wannan kiwo, tare da auna kalmomin kiwo na gargajiya, a ga inda suka wadatar da kuma inda za su iya ɓatar da mai karatu.

2.0 Matsalar Suna

Kalmar ɓera, wadda ake kira kusu a karin harshen Sakkwato, ta haɗa halittu biyu da Ingilishi ya raba da sunaye daban. Akwai ƙaramin ɓeran gida, wanda masana kimiyya ke kira Mus musculus, mai nauyin giram 20 zuwa 40, sannan akwai babban ɓera, wato Rattus norvegicus, wanda ya ninka shi nauyi kusan sau goma. Duka biyun ana gwaji da su, amma ba a ba su magani da ma'auni ɗaya. Saboda haka mai fassara da ya rubuta ɓera kawai ya bar ƙofar kuskure a buɗe. Ya kamata a riƙa cewa ƙaramin ɓeran gwaji da babban ɓeran gwaji. Wannan maƙala a kan ƙaramin take magana. Haka kuma dole a bambanta shi da gafiya, da ɓeran Masar, da jaba, da kuma ɓeran nan mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969.

3.0 Muhalli

Hausa tana da turke na dabbar da ake ɗaurewa, da akurki na kaji, da sheƙa ta tsuntsu, da rami na ɓeran daji. Daga cikinsu babu wadda ta dace da akwatin roba mai murfin waya da ake ajiye ɓeran gwaji a ciki. Kalmar aro keji ita ta fi dacewa, domin ta riga ta zauna a bakin jama'a. Sheƙa kuwa tana da gurbinta, don kuwa ɓera yakan tattara yagaggiyar takarda ya gina makwanci a cikin kejin, kuma a nan mace take haihuwa.

Ana shimfiɗa dusar katako ko niƙaƙƙen totuwar masara a ƙasan kejin domin ta tsotse fitsari. Ɗakin yakan kasance da ɗumin digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, da haske na awa 12 da duhu na awa 12, kasancewar ɓera dabbar dare ce. Wannan sharaɗi yana da wuyar cikawa a lokacin bazara, alhali zafi mai tsanani yana rage haihuwa. Mata sukan zauna tare lafiya, amma balagaggun maza da ba su tashi tare ba sukan yi faɗa har su ji wa juna rauni.

4.0 Barbara da Tsatso

Baye kalma ce da ta keɓanta ga doki da jaki, don haka barbara ta fi dacewa a nan, saboda ta fi faɗi. Ɓera yakan isa barbara yana da mako 6 zuwa 8. Mace takan karɓi namiji sau ɗaya a kowane kwana 4 ko 5, ciki kuma yakan ɗauki kwana 19 zuwa 21. Abin lura shi ne, takan iya sake ɗaukar ciki kafin awa 24 ta cika bayan haihuwa, idan namiji yana tare da ita. Wato abin da Bahaushe ke kira kwanika, yake kuma gudunsa ga mace mai goyo, shi ne al'adar wannan halitta. A 1959 Hilda Bruce ta nuna cewa warin baƙon namiji yana iya sa sabon ciki ya lalace, don haka ba a sauya wa mace namiji da zarar an yi barbara.

Kalmar da ta fi ba da wahala ita ce ta ɓerayen da aka haɗa wa da ƙanwa, zuriya bayan zuriya, har sau 20 a jere, domin su zama kusan iri ɗaya a halitta. C. C. Little ne ya fara irin wannan aiki a Amurka a 1909, ya kuma kafa cibiyar Jackson a jihar Maine a 1929. Mai fassara zai iya kwaɗayin cewa auren zumunci, amma wannan bai dace ba, domin aure na mutane ne, kuma zumunci bai kai kusancin wa da ƙanwa ba. Muna ganin tsatso guda ya fi kusa da ma'anar, a bar kalmar iri ga sunaye irin su BALB/c da C57BL/6.

5.0 Yaye

Ana haihuwar 'ya'yan ɓera tsirara, babu gashi, idanu a rufe. Gashi yakan rufe jiki wajen kwana 10, idanu su buɗe tsakanin kwana 12 da 14, daga nan su fara taɓa abinci. Akan yaye su a kwana 21, ko a jinkirta zuwa 28 idan ba su yi ƙwari ba.

A nan kalmar gargajiya ta yi daidai ƙwarai. Yaye a al'adar Hausawa ya ƙunshi abu biyu: cire yaro daga nono, da kuma raba shi da uwa, inda akan kai shi gidan kaka. Haka ma a wannan kiwo, ana ɗauke 'ya'yan daga kejin uwa gaba ɗaya. Sai dai akwai mataki na uku da kalmar ba ta ƙunsa ba, wato ware maza daga mata a ranar yayen. Ana gane namiji da cewa tazarar da ke tsakanin duburarsa da al'aurarsa ta fi ta mace. Idan ba a ware su ba, cikin 'yan makonni za su yi barbara a junansu, lissafin tsatson ya rikice. Idan kuma uwar ta yi kwanika aka makara da yaye, manyan sukan tattake sababbin haihuwa. Saboda haka duk littafin jagora da za a rubuta da Hausa ya kamata ya ce yaye da wariya, kada a tsaya ga yaye kaɗai.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kalmomin sun kasu gida uku. Akwai waɗanda suka dace yadda suke, kamar barbara da sheƙa da kwanika. Akwai masu buƙatar ƙarin bayani, kamar ɓera da yaye. Akwai kuma inda sai an yi aro ko ƙirƙira, kamar keji da tsatso guda. Shawararmu ita ce masana harshe su zauna da likitocin dabbobi da ma'aikatan da ke kula da kejin, a gwada waɗannan kalmomi a bakin aiki kafin a shigar da su cikin ƙamus.