Saniyar da Ta Kasa Tashi a Oko-Oba

Kafin rana ta take, tireloli sun riga sun jeru a bakin karar Oko-Oba da ke Agege, kowace da ƙurar garin da ta fito: Potiskum, Maigatari, Illela, Mubi. Ana buɗe ƙyauren baya shanu su fara dirowa, ƙafafu na rawa, ido ya faɗa, bayan kwana biyu ko uku a tsaye cikin zafin ƙarfe. Sau da yawa akan samu wadda ba za ta sauko da ƙafarta ba. Ta faɗi tun a hanya, 'yan'uwanta sun tattake ta, ƙahon wata ya yage mata haƙarƙari. 'Yan lodi su murɗa wutsiya, su ja igiya, su ɗaga murya, ita kuwa sai numfashi sama-sama da harshe a waje. Mai ita yana tsaye yana lissafi a zuci: in ta mutu kafin wuƙa ta zama mushe, uwar kuɗi ta tafi. Babu mugu a cikin mutanen nan. Gaggawa ce da tsoron asara, da kuma rashin wani wanda aikinsa kawai shi ne ya iso da bokitin ruwa, ya ce a dakata mata minti goma.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Cinikin goro ya kafa Zangon Agege, kuma tun da aka haɗe layin dogo daga Legas har Kano a 1912, goro ke hawa arewa, shanu na gangarowa kudu. Da jirgin ƙasa ya durƙushe sai kaya suka koma kan kwalta, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Kano kaɗai. A Satumbar 2016 an gwada dawo da tsohon tsari, aka ɗauko shanu kusan 500 a jirgi daga Gusau zuwa Oko-Oba, amma har yau tirela ce ke ɗauke da kasuwar. A gefen wannan babbar mayanka ta Legas kuma akwai wasu dabbobin da ba sa cikin lissafin kowa: karnukan da ke bin lambatu suna lasar jini, wasu ƙazuwa ta cinye musu gashi har fata ta yi tsagu, kyanwoyin da ke raɓe ƙarƙashin teburan masu tsire, akuyar da ta karye aka bar ta a bayan rumfa don kuɗin ɗori ya fi kuɗinta.

A Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke tsintar irin waɗannan dabbobi, su ajiye su a gida na musamman har a samu mai karɓa. Wanda ya ce a kwafo wannan tsari yadda yake a kawo Oko-Oba bai san wurin ba. Fili a Legas ya fi zinariya tsada, ciyar da karnuka ɗari a killace kullum ya fi ƙarfin kowace ƙungiyar unguwa, kuma masu zuwa su ɗauki karen titi su kai gida ba su da yawa a cikinmu. Abin da ya dace da mu shi ne ɗaya rabin aikin, wanda ba a cika ba da labarinsa ba: a taimaki mai dabba tun tana hannunsa, kafin ya kai ga yasar da ita. Da haka Maria Dickin ta fara a 1917, da ɗan asibitin kyauta a unguwar talakawa ta Whitechapel a Landan, inda matalauta ke kawo dabbobinsu a duba ba ko sisi. Da haka Dorothy Brooke ta buɗe asibitin dawaki a Alƙahira a 1934, wanda ya zama wurin da masu keken doki da masu jakuna ke kai dabbobinsu. Dukansu biyu sun lura da abu ɗaya, cewa dabbar talaka tana wahala ne saboda talakan kansa yana wahala.

Wannan gaskiya ta fi fitowa fili tun bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023. Kuɗin mota ya ninka, buhun dusa da damin harawa suka bi shi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. A ɗauki matar da ta turke rago ɗaya a lungun gidan haya tana jiran Babbar Sallah, wadda wannan rago shi ne bankinta, shi ne kuɗin makarantar yara. Zawo ya kama shi, hanci na zuba, ba ta da kuɗin kiran likita. Za ta aiki yaro kemis ya sayo kafso na mutane ta ɗura masa, in bai tashi ba ta kira mahauci ya saye shi a rabin kuɗi. Ko maigadin da ke kwana da kare a bakin sito, wanda bai taɓa jin cewa akwai allurar da ake yi wa kare sau ɗaya a shekara ba. Ranar da aka sallame shi daga aiki, karen ya shiga sahun na lambatu. A ƙauyukan da shanun ke fitowa lamarin ya fi muni, domin malamin dabbobi na iya kasancewa a hedikwatar ƙaramar hukuma, tafiyar rabin yini a babur. Maganin tsutsar ciki da na kaska da allurar riga-kafi, in an saye su da yawa an raba, ba su kai kuɗin kwanon dusa kaɗan ba a kan kowace dabba. Rashinsu ne ke mayar da dabba mai gida marar gida.

Za a ce, kuma da hujja, mutane na kwana da yunwa a Agege, almajirai na yawo ba takalmi, wa ke ta kare? Amsar ita ce lafiyar karen tana cikin lafiyar almajirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan duka ta cizon kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, tsoron ruwa da ruɗewa, sai dai a yi ta addu'a. Allurar da ake yi wa wanda aka ciza tana ceto in an yi ta da wuri, amma zuwa ne sau da yawa, da kuɗin da talaka ba ya ajiye da shi. Ta kare kuwa mai araha ce, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke wurin tun 1924, tana cikin masu haɗa ta. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki riga-kafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Kashe karnuka da guba ba ya yin wannan aiki, domin muddin akwai jini da ƙashi a bakin kwata, sababbin karnuka marasa riga-kafi za su cike gurbin waɗanda aka kashe. Meziko ta bi hanyar allura shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta kawar da kamuwar mutane ta hanyar kare. Matashin da ya zaga unguwa yana gaya wa iyaye cewa in kare ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 sannan a garzaya asibiti, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona ba, ya yi wa mutane aiki ko da sunan dabbobi ya fito.

Akwai kuma masu ganin abin al'adar Turawa ce, kuma Musulmi ba ruwansa da kare. Wannan magana ba ta tsayawa a gaban littattafan da malaman zaure ke karantarwa a Zango. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a takalminsa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Muhtasar na Shehu Halil ya ɗora wa mai dabba nauyin ciyar da ita in babu wurin kiwo, in ya ƙi ko ya gaza a sa shi ya sayar. Al-Mawardi ya lissafa hana ɗora wa dabba kayan da ya fi ƙarfinta cikin ayyukan mai hisba. A ƙarni na 13 Sarki Baibars ya yi waƙafin lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin gari. Shari'a ta mayar da haƙƙin dabba hukunci ƙarnuka da dama kafin majalisar Ingila ta yi dokarta ta farko a kan zaluntar dabbobi a 1822. Abin da ya ɓace mana shi ne tsarin da ke mayar da hukuncin aiki, kuma abin yana da ciwo, domin kusan kowa a kara ya san waɗannan hadisai tun yana makarantar allo.

Mahauci zai iya tambaya: saniyar da gobe za a yanka, mene ne amfanin lallashinta yau? Addinin da ya halatta yanka shi ne ya yi umarni a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Kasuwa ma ta goyi bayan haka. Dabbar da ta sha duka da ƙishirwa namanta yakan yi duhu, ya yi saurin lalacewa, inda sanda ta sauka jini ya taru sai an yanke an zubar, fata kuma ta rage daraja a wurin majema. Binciken likitocin dabbobi a mayankun Najeriya, har da ta Oko-Oba, ya sha nuna yadda ake yanka shanu masu ciki, wato ana asarar garken gobe tun yana ciki. Komin ruwa a wurin saukewa, tudun siminti da saniya za ta tako ta sauko maimakon ta diro, rumfar inuwa ga wadda ta galabaita, duk kuɗi ne da ke komawa aljihun dillali da mahauci.

To ai aikin gwamnati ne, in ji wasu. Wani ɓangarensa haka ne. Duba nama, killace cuta da samar da allura nauyin hukuma ne, kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya a 2024 ya ƙara wa mutane damar neman haƙƙinsu. Sai dai dokar hana zaluntar dabbobi ta daɗe a rubuce: sashe na 495 na tsohon kundin laifuka na kudancin ƙasar ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50. Doka irin wannan ba ta shayar da saniya, kuma jami'in gwamnati ba ya nan da ƙarfe uku na dare lokacin da tirela ke isowa. Waɗanda ke nan su ne shugabannin kara, da Sarkin Fawa da mutanensa, da direbobi, da 'yan agajin masallatai. Ƙarfinsu ba a ɓoye yake ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu na kusan mako guda, kuma Legas ta ji a jikinta. Jama'ar da ta iya tsayar da ɗaruruwan tireloli da magana ɗaya ba za ta gaza tara ɗan abin da bai kai kuɗin shayi ba a kan kowane kai da aka sayar. Tarihin ciwon bushiya na shanu ma ya nuna haka: cutar da ta share garken Fulani a shekarun 1890 ta sake dawowa a 1983, amma a 2011 aka ayyana kawar da ita daga duniya, kuma a yankunan Gabashin Afirka da likita ba ya kaiwa, makiyayan da aka horar ne suka riƙa ɗaukar allurar suna bin garke.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta amana, kuma bai kamata a kauce mata ba. Asusun da ba a karanta lissafinsa a fili yakan mutu a shekararsa ta farko, ya bar gaba tsakanin 'yan'uwa. Ɗan sa-kai da ya koyi riƙe sirinji ya fara ɗaukar kansa likita yana iya yin ɓarna fiye da gyara, musamman in ya riƙa ɗirka wa dabbar da za a yanka jibi maganin ƙwayoyin cuta, ragowarsa ta ƙare a cikin tuwon mutane. Saboda haka iyakar aikin ta zama a bayyane tun ranar farko. Allura da rubuta magani da fiɗiye karnuka na likita mai rajista ne, ko malamin da ke ƙarƙashinsa. Na 'yan sa-kai shi ne ɗebo ruwa, kama dabba cikin natsuwa, rubuta sunayen masu dabbobi gida-gida, da sanin wace bazawara ce ragonta ya daina cin abinci. A fara da abin da ido zai gani: komi biyu a wurin saukewa, rana ɗaya a wata da likita zai zauna a rumfa a kawo masa awaki da tumaki kyauta, da zagayen riga-kafin karnuka a makon 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware wa ciwon haukan kare. Kuɗin da ya shigo da wanda ya fita a karanta shi bayan sallar Juma'a, da Hausa da Yarabanci, domin mahautan Oko-Oba ƙabila biyu ne ko fiye, kuma karen da ke bin lambatu yana shiga lungun kowa.