Bayani a Kan Tsutsar Wake da Maganinta

A sani, a gonakin Shika da sauran ƙasar Zazzau, babu abokin gāban wake kamar tsutsar nan mai huda fure da kwanso, wadda masana ke kira Maruka. Asalinta wani malam-buɗe-littafi ne na dare da ke zuba ƙwai a kan fure. In an ƙyanƙyashe, sai tsutsa ta shige ciki ta ɓuya inda magani ba ya isa sosai. Shi ya sa manomi kan yi feshi sau 6 har 8 a damina guda, kuɗi su ƙare, guba ta taɓa jiki.

To, ma'aikatar binciken noma ta Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da wani iri a 2019 mai suna SAMPEA 20-T, wanda in tsutsar ta ci sai ta mutu. Amma bai hana ƙwari masu tsotson kwanso ba, don haka feshi sau 2 bai faɗi ba.

Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya, kada ya zuba abin sha a kwalbar magani.

Allah Ya ba da damina mai albarka. Wassalam.