Ruwa Ma Yana Yi Wa Shuka Yawa

Duk rani sai ka ji wannan magana a bakin wasu manoman fadama: wai ruwa ba ya yi wa shuka yawa. Mutum ya tayar da inji tun asuba, fangali ya cika ya tumbatsa, tumatir na tsaye cikin taɓo, shi kuwa yana ganin ƙwazo ya yi. Abin ya ishe ni.

Shuka tana da iyakar abin da take sha, kuma masana sun daɗe da auna shi. Ruwan gona yana tashi ta hanya biyu: wanda rana da iska ke kwashewa daga ƙasa, da wanda ganye ke fitarwa. A littafinta na 1998, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta tsara lissafin: a ƙiyasta ruwan da ke tashi a filin gajeriyar ciyawa, a ninka shi da wani adadi na kowace shuka. Na tumatir 0.6 ne bayan dashe, ya kai 1.15 lokacin fure da 'ya'ya, ya sauko idan ya fara nuna. A ce milimita 6 ke tashi a yini. Sabon dashe na buƙatar lita 36,000 a hekta, mai 'ya'ya kuma 69,000. To, don Allah, me ya sa za a shayar da su daidai wa daida?

Rarar ba ajiya ba ce. Saiwa tana numfashi, idan ruwa ya kwanta sai ta shaƙe ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai gona ya ce ƙishi ne ya ƙara ruwa. Yuriyar da ka sayo da tsada ta nutse inda saiwa ba ta kaiwa. A hankali gishiri ya taso, ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Ga kuɗin mai. Ga haƙƙin maƙwabci, domin a filayen noman rani irin na Kadawa ko Bakolori, idan na sama ya yi almubazzaranci, na ƙarshen magudana ne ke kwana da ƙishi. Rashin gyaran magudanan ma na da nasa laifin.

Kafin ka tayar da inji, tona ƙasa zurfin taƙi guda, ka damƙi ta ciki. Idan ta dunƙule, akwai danshi, ka dakata. Idan ta warwatse, ka shayar. Yaushin tsakar rana kada ya ruɗe ka, duba ganyen da safe. Jigawa tana son kaɗan-kaɗan a kai a kai, laka kuwa tana riƙe ruwa kwanaki. Ka shimfiɗa bambaro tsakanin shuka, ka ƙara ruwa idan bazara ta kama. Albasa kuma a yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin cira, in ba haka ba a rumbu za ta ruɓe.