Yadda Ake Haɗa Fitilun Biki Masu Bin Umarnin Kwamfuta

Fitilun biki masu bin umarnin kwamfuta salon ado ne da ya yi ƙarfi a Amurka, daga nan ya bazu zuwa Kanada da Birtaniya da Ostireliya. Mai gida kan lulluɓe rufinsa da tagoginsa da itatuwan ƙofar gidansa da dubban ƙananan fitilu, ya haɗa su da na'urar da za ta riƙa kunna su tana kashewa, tana sauya musu launi daidai da bugun kiɗa. An fi yin sa lokacin Kirsimeti, sai kuma bikin Halowin na ƙarshen Oktoba. Akasarin masu yin sa mutane ne masu sha'awa, waɗanda ke haɗa kayan da hannunsu a garejin gida, wasu ma tun farkon shekara suke soma shiri.

Ado da fitilar lantarki ya daɗe. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a bishiyar Kirsimeti a gidansa da ke New York. Amma wanda ya sa duniya ta san salon kwamfuta shi ne Carson Williams, wani injiniyan lantarki a garin Mason na jihar Ohio. Ya tsara fitilu kimanin 16,000 a kan layuka 88 na na'urar Light-O-Rama, suna rawa da kiɗan "Wizards in Winter" na ƙungiyar Trans-Siberian Orchestra. A ƙarshen 2005 bidiyon gidan ya zagaye intanet, har wani kamfanin giya ya yi talla da shi. 'Yan kallo suka yi ta tururuwa, motoci suka cushe unguwar, a watan Disamba na wannan shekara aka yi karo a kusa da gidan, sai Williams ya kashe fitilun.

Kowane irin wannan aiki yana tsaye ne a kan abu huɗu: manhajar da ake tsara rawar fitilu a cikinta, na'urar sarrafawa mai karɓar umarni, fitilun kansu, da kuma wutar da za ta ciyar da su. Sabon shiga yakan ɗauka manhaja ce mai wuya. Alhali abin da ya fi ɓata aiki, ya fi kuma haɗari, waya ce da lissafin wuta.

Tsohon salo, irin na Williams, yana aiki ne da wutar gida kai tsaye. Ana soka igiyar fitilu ta kasuwa a soket ɗin na'ura, kowane soket layi ɗaya ne. Duk ƙwayayen da ke kan layin tare suke kamawa, tare suke mutuwa, launinsu kuma ba ya canzawa. Mai son bishiyarsa ta yi ja ta koma kore sai ya naɗa mata igiya biyu a kan layi biyu. A cikin na'urar akwai wani ɗan makunni marar motsi da ake kira tirayak. Wutar gida tana kaiwa tana komowa ne, sau 60 a daƙiƙa a Amurka, tirayak kuwa yakan ɗan jinkirta buɗe mata hanya a kowane juyi. In jinkirin ya yi yawa fitila ta dusashe, in ya ragu ta yi haske. Tsakanin tirayak da ƙwaƙwalwar na'ura ana sa wani ɗan mahaɗi da ke isar da umarni ta hanyar haske, don kada babbar wuta ta sami hanyar kwararowa cikin kwamfuta. Masu haɗa nasu da hannu sun daɗe suna amfani da allon da ake kira Renard, wanda ake sayen kayansa a warwatse a zauna a liƙa da dalma. Aiki ne mai koyar da mutum abubuwa da yawa, sai dai wanda bai san lantarki ba bai kamata ya fara da shi ba, domin wutar da ke bin jikin allon tana kisa.

Yau fitilun fiksil ne suka mamaye fagen. Kowane fiksil ƙwan LED ne mai launi uku a ciki, ja da kore da shuɗi, tare da nasa ɗan guntun ƙwaƙwalwa, galibi WS2811 ko WS2812B na kamfanin Worldsemi na ƙasar Sin. Kowane launi yana da matakin haske 256, in aka gauraya ukun ana samun launi sama da miliyan 16. Waya uku ce ke ratsa igiyar: ta wuta, ta ƙasa, da ta saƙo. Yadda saƙon ke tafiya kamar farantin goro ne a wurin ɗaurin aure, kowa ya ɗauki nasa ya miƙa gaba: fiksil na farko ya cire lambobi 24 na farko su zama umarninsa, ya tura ragowar ga na biyu, haka har ƙarshen igiya. Wannan ne ya sa igiyar take da gaba da baya. Akan ga 'yar kibiya a jikinta, ko haruffan DI a mashiga da DO a mafita, wanda ya juya ta kuwa ko ƙwai ɗaya ba zai kama ba. Shi ne kuma ya sa in ƙwaƙwalwar fiksil ɗaya ta mutu a tsakiya, duk na bayansa sai su yi duhu ko su shiga ƙyaftawa barkatai. Gyaran shi ne a nemo na ƙarshe mai aiki da na farko marar aiki, a yanke su duka biyu, tunda ba a san ko mai bayarwa ne ya lalace ko mai karɓa ba, a dasa sababbi, a liƙe da dalma, a rufe mahaɗin da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Wasu sababbin nau'o'i, kamar WS2815, suna da wayar saƙo ta biyu da ke tsallake wanda ya mutu.

Fiksil ba ya cin wutar gida. Ana sa masa akwatin da ke mayar da ita bolt 5 ko bolt 12 mai tafiya hanya ɗaya. Ƙarancin bolt ɗin yakan yaudari mutane su ɗauka babu haɗari. Gaskiya ne ba za ta ja mutum ba, amma yawan wutar da ke bin waya yana iya tayar da gobara. Lissafin da aka saba yi shi ne fiksil ɗaya yana jan miliamfiya 60 in aka kunna shi fari fat. Guda 100 amfiya 6 ke nan, guda 500 amfiya 30, wanda a bolt 5 ya kama wat 150. Siririyar waya in aka ɗora mata amfiya 30 sai ta yi zafi ta narkar da robarta. Don haka kowane reshe da ya fita daga akwatin wuta ana sa masa fis daidai da ƙarfin wayarsa, akasari mai amfiya 5, irin wanda ake sa wa mota. Ba a kuma ɗora wa akwatin fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa.

Sai matsalar raguwar ƙarfi a doguwar waya, wadda ido ma yana gani. In aka kunna doguwar igiya fari, farkonta zai fito fari tas, tsakiyarta ta koma ruwan ɗorawa, ƙarshenta ya yi ja-ja yana rawa. Dalili shi ne shuɗi da kore suna buƙatar kusan bolt 3 kafin su kama, ja kuwa kusan bolt 2 ya ishe shi, in ƙarfi ya ragu su ne ke fara janyewa su bar ja shi kaɗai. Maganin shi ne a ja wata waya mai kauri daga akwatin wuta a shigar da ita tsakiyar igiyar ko ƙarshenta. Masu aikin sukan yi haka bayan kowane fiksil 50 a bolt 5, ko kowane 100 a bolt 12, shi ya sa masu faɗin fili suka fi son bolt 12. In ƙarin wutar daga akwati na biyu zai fito, wajibi ne a yanke wayar wuta tsakanin ɓangarorin biyu don kada akwatunan su yi ta tura wa juna, a bar wayar saƙo yadda take, a kuma haɗa wayoyin ƙasa wuri ɗaya. Rashin haɗa wayar ƙasa na daga cikin manyan abubuwan da ke sa fitilu su yi ta hauka ba gaira ba dalili. Akwai hanya mai sauƙi ta rage duk wannan wahala: da dare fiksil yana da haske ƙwarai, da yawa sukan tsayar da shi a kashi 30 cikin ɗari, ido ya huta, waya ma ta huta.

Umarni yana zuwa na'urar sarrafawa ne ta wayar sadarwa ta kwamfuta ko ta Wi-Fi. Tsarin da ake bi ya samo asali daga DMX512, wanda aka fitar a 1986 don fitilun dandalin wasan kwaikwayo. Rukuni ɗaya nasa yana da layi 512, tunda kuma kowane fiksil yana cin uku, fiksil 170 ke shiga rukuni guda. Tsarin E1.31 shi ke ɗaukar rukunai masu yawa a waya ɗaya. Kowane fiksil yana cin kashi 30 cikin miliyan na daƙiƙa kafin ya karɓi saƙonsa, saboda haka mai son hoto ya sauya sau 40 a daƙiƙa ba zai wuce fiksil 800 da ɗan ɗoriya a bakin fita ɗaya na na'urar sarrafawa ba. Manyan ayyuka suna amfani da alluna irin su Falcon, mai ƙaramin aiki kuwa allon ESP32 mai arha da manhajar WLED ta kyauta sun ishe shi. Sai dai ESP32 yana fitar da saƙo ne a bolt 3.3, fiksil kuma ya fi jin bolt 5, don haka ake sa ɗan guntun da zai ɗaga shi. Saƙon ba ya jure nisa. In tazarar na'ura da fiksil na farko ta wuce 'yan mitoci, sai an sa mai ƙarfafa shi.

Tsara rawar ana yin ta a manhajoji na kyauta irin xLights da Vixen. Mutum zai ɗora hoton gidansa, ya zana inda kowace igiya take, ya loda kiɗan, ya bi shi yana alamta kowane bugu, sannan ya jera launi da motsi a kai. Minti ɗaya na kiɗa yakan ci awanni, kuma a nan ake gane mai ido. Wanda ya kunna komai lokaci ɗaya daga farko har ƙarshe hayaniya kawai ya yi. In an gama, akan juye aikin cikin 'yar kwamfutar Raspberry Pi mai manhajar Falcon Player, ta riƙa farawa da tsayawa a lokacin da aka sa mata. Kiɗan ba a saka shi a lasifika, don kada a dami maƙwabta. Ana watsa shi ne da ƙaramar na'urar FM, a kafa allo ɗauke da lambar zangon, 'yan kallo su kama a rediyon mota. Dokar Amurka ta yarda da haka ba tare da lasisi ba in watsin bai wuce kimanin mita 60 ba. Kowace ƙasa kuma da tata dokar.

Tunda kayan a waje za su yi makonni cikin ruwa da dusar ƙanƙara, ana kulle na'urori a akwatin roba mai hana ruwa, a fitar da wayoyi ta ƙasansa, a ɗaga mahaɗai daga ƙasa. Wutar gida kuma dole ta bi ta makunnin nan mai katsewa da zarar ya ji wuta na zurarewa, wanda a Amurka yake aiki a kusan miliamfiya 5, a Birtaniya a 30. Mai son gwada wannan a Najeriya ko Nijar, don Kirsimeti ko Mauludi ko biki, ya lura cewa wutar gida a can Amurka bolt 120 ce, a nan kuwa 220 zuwa 230. Yawancin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a gefe mai zaɓin 115 ko 230, in aka bar shi a 115 aka soka, akwatin ya tafi ke nan. Hawa da saukar wuta da sauyawa zuwa janareta su ma suna buƙatar a sa na'urar kariya a gaba.

In biki ya wuce, kafin a kwance komai ana manna wa kowace waya lamba a bakinta biyu, a ɗauki hoton yadda aka haɗa akwatuna, a ware igiyoyin da suka nuna alamar matsala don gyara, a bar kayan su bushe sarai kafin a naɗe su a ajiye.